Tsakuwa Tara a Kwalin Ashana

Kwana tara cur takardar nan ta yi a ƙasan adakata, tsakanin atamfar sallah da wasiƙun saurayina Bunu, har ta ɗauki ƙamshin turarensa. Kullum in na dawo daga aiki sai in turo ƙofa, in zaro ta, in kalli layin da aka bar min in sa hannu, in ja tsaki, in mayar. Ku kira ni raguwa, na yarda. Amma ku bari ku ji yadda aka yi tukuna.

Sunana Safara'u Garba, nas ce ni a ɗakin haihuwa na asibitinmu na Haɗeja. Abin nan ya faru ne shekara uku bayan an koma tuƙin dama, zamanin da in yarinya ta sa farin yunifom da hula ta ratsa kasuwa, har masu kifi sai sun bar ciniki sun bi ta da kallo. Ba yabon kai ba, ɗakin haihuwa ya karɓe ni. Cikin shekara huɗu jarirai bakwai aka sa wa sunana. In ina tafiya a unguwa aka ƙwala "Safara'u!" ko waiwaye ba na yi, na san wata mai majina ake kira ta zo a yi mata wanka.

Ana nan sai ga likitan ido daga Kano, zai yi mana mako guda. Aka rasa mai taimaka masa, Metiron, shugabar nas-nas, ta ce in je. Na tafi ina ƙunƙuni. Kwana na huɗu aka ce in kwance wa wani tsohon masunci bandeji, Malam Shu'ibu mutumin Auyo, wanda yanar ido ta hana shi gani shekara shida. Na warware a hankali, na ɗora masa tabarau mai kaurin gindin kwalba. Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, ya zuba min ido.

"Au! Ke ce mai yi min tsawar nan? Ashe 'yar firit ce! Ni na zaci wata gandamemiya ce."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Shi kuwa sai ya ɗaga tafin hannunsa yana jujjuyawa, yana kallonsa kamar ɗan'uwan da ya dawo daga doguwar tafiya, hawaye na bin gemunsa. Wallahi tun daga ranar wani abu ya shiga zuciyata ya yi zamansa. Na karɓi haihuwa ta fi ɗari uku, amma ban taɓa ganin an haifi mai gemu ba sai ran nan.

Bayan wata biyu Metiron ta kira ni ofis, ta turo min takarda.

"Gurbi ɗaya aka ba mu. Kwas ɗin jinyar ido a Kaduna, shekara ɗaya da rabi. Sunanki likitan nan ya rubuta. Asabar ta sama, sha biyun rana, jakar wasiƙu za ta tafi tashar jirgi ta Malam Madori. In takardar nan ba ta kan teburina kafin lokacin, wata zan ba. In kuma kin tafi, kin bar ɗakin haihuwa ke nan, ba a riƙe wa mutum kujera biyu."

Na kai wa mahaifina, Baffa, maganar. Ko ɗago kai bai yi daga alwalarsa ba. "Ni ba ni da ta cewa. Ke 'yar Iya ce. Ki tambaye ta, ki kuma ji ta bakin yaron nan."

Iya 'Yar'azumi ita ce mahaifiyar Baffa. Ni 'yar fari ce, ana yaye ni aka miƙa mata ni, a ɗakinta na yi wayo, a bayanta na yi fitsarin kwance. 'Yar siririyar tsohuwa ce, ja, mai dogon hanci da dogon harshe. Na same ta a inuwar ɗaki ta ja ɗankwali har bisa gira, kamar yadda ta tsiri yi tun bara.

"Ido?" ta ce. "Ido me ya yi miki? Kowa biyu Allah ya ba shi, ya sa kwalli ya kama gabansa. Ki bar aikin da ake shiga da kuka a fito da guɗa, ki koma leƙen kwantsar tsofaffi?"

"Iya, ke dai faɗi gaskiya, naman suna kike ji."

"Eh, ina ji! Haramun ne? Duk mako sai an aiko min da cinya albarkacinki. Wa kika taɓa jin ya yanka rago don idonsa ya daina ruwa? Ba inda za ki. Ga miji Allah ya kawo har gida, ko da yake Babarbare ne, amma ai da babu gara ba daɗi."

Yaron nan da Baffa ya ambata, mijin nan da Iya ta raina, shi ne Bunu. Malamin gona ne a Auyo, dogo, baƙi mai sheƙi, da 'yar wushirya. Yana da sabon babur da yake gogewa fiye da yadda yake goge takalminsa. In ruwa ya cika fadama sai ya sa babur a kwalekwale ya rungume shi har su haye. Ku 'yan yanzu da saƙo ke zubo muku a waya kamar ruwan sama, ba za ku san daɗin wasiƙa ba. Tamu sai ya tsaya a ƙofar asibiti ya ba ƙawata Talatu, nas ɗin ɗakin yara, ita kuma sai ta ja min rai, sai na saya mata gyaɗa kafin ta zaro ta daga aljihu.

Ga amsar da ya ba ni kan maganar Kaduna, har yau na haddace ta:

"Zuwa ga hasken fadamata. Gaisuwa mai yawa kamar ruwan Agusta. Na auna shekara ɗaya da rabi da ma'aunin manoma: girbin alkama biyu ke nan, da ambaliya ɗaya, da tuzuru ɗaya yana cin garau-garau shi kaɗai. Na riga na yi wa ɗakinki daɓe, na dasa miki lalle a tsakar gida. Kawu Zarami ya ce da zarar ruwa ya janye daga hanyar Kirikasamma zai kawo goron sa rana, a sha biki bayan girbin alkama. Ban ce kar ki tafi ba. Na dai ce lallen nan bai yi makaranta ba, ba zai gane kwas ba. Naki har kogi ya ƙafe, Bunu."

Sau goma sha ɗaya na karanta. Na yi dariya, na yi kuka, na mayar da takardar Metiron ƙasan adaka na danne ta da wasiƙar.

Da Iya ta ji inda ya dosa, sai ta ga ta samu soja. Ta aika masa cewa ranar Juma'a in an sauko masallaci ya biyo ya ci abinci. A raina na ce, tsohuwar nan taron dangi za ta yi min.

Sai na gaya muku wani abu game da gidanmu. Shinkafar fadama a ƙasa ake bugun ta, ba ta rabuwa da tsakuwa. Tsintar shinkafa kuwa a gidanmu sarautar Iya ce. Ita ke zama da faifai ta tsince, sannan ta miƙa wa mahaifiyata, Inna Mairam, ta dafa. Kirarinta ke nan a gidan biki da gidan suna: "Shekara hamsin ba a taɓa tauna tsakuwa a gidana ba." Ran Juma'ar nan kuwa har girkin ta ƙwace. Inna ta miƙo hannu za ta karɓi faifai, Iya ta make hannun.

"Yau angona zan yi wa girki da kaina. Ku ku ci tuwonku."

Na ga Inna ta tsaya jim, ta buɗe baki, ta rufe. Ban kawo komai a raina ba. Ina can ina fama da ɗaurin ɗankwali, na sa atamfata mai ruwan ganye, na zizara kwalli, na goga jan baki kaɗan yadda Baffa ba zai lura ba.

Bunu ya iso cikin farar shadda da hula zanna-bukar koriya shar. Aka yi masa shimfiɗa a ƙaramin zaure. Iya ta zauna gefensa, ni na rakuɓe bakin ƙofa ina wasa da gefen gyale.

"Wushe, Iya, amaryata ta gaban goshi."

"Tafi can da wushenka. Tun kana kan gada na jiyo ka. Ku Barebari in an matse ku turare ne zai fito, ba jini ba."

"Ku kuma Fulani in an matse ku ba abin da zai fito sai 'na ƙoshi'."

"Ji ɗan nema! An samu jar hula an ɗora, sai baki ya buɗe."

Bunu ya taɓa hularsa, ya dube ni. Na yi murmushi, na ɗauka cikin tsiyar ce.

Ta tura masa kwano: dafa-duka da kifi banda, man shanu na kwance a kai yana ƙyalli. Ya yi bisimilla, ya kai loma ta farko.

Ƙaras!

Har bakin ƙofa na ji. Bunu ya sandare, idanunsa suka kawo ruwa.

"Ya gishiri?" in ji Iya.

"Daidai, Iya. Daidai wa daida."

Ya yi ɗan tari a tafin hannu, hannun ya gangara aljihu. Na ce ƙayar kifi ce. Loma ta uku, ƙaras. Tari, aljihu. Ta biyar haka. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula, yana tauna a hankali kamar mai tafiya cikin duhu a gonar ƙaya. Iya kuwa, da yake haƙoranta sun daɗe da yin ritaya, furarta take kurɓa tana zuba.

"Ci, ɗan nan, ci. Wannan ita ce shinkafar da ba a taɓa tauna tsakuwa a cikinta ba. In yarinyar nan ta zauna zan koya mata. In ta tafi Kaduna, burodi za ta koyo maka."

Wallahi sai da ya share kwanon nan tas. Iya ta gyara zama.

"To, ga ta nan. Gaya mata a gabana ba inda za ta."

Bunu ya dafe kunci. Ya daɗe yana kallon Iya, irin kallon da ban taɓa ganin ya yi mata ba. Sannan ya ce, "Iya, a bar ni in yi tunani."

"Tunani? Ka cinye min shinkafa ka ce tunani? Amayo min abata!"

Ya yi 'yar dariya da gefen baki ɗaya, ya yi sallama. Ko tsayawa zance bai yi ba. Ina jin ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa na faɗa ɗaki na kifa kai a filo. Na ce shi ke nan, ya yi fushi, na yi biyu babu: ba Kaduna, ba Bunu.

Asabar da hantsi, wajen ƙarfe goma, ina zaune da takardar a cinya da biro a hannu, sai ga Talatu ta faɗo ɗaki ko sallamar kirki babu.

"Ke, me kuka yi wa bawan Allahn nan? Kuncinsa kamar ya ɓoye ƙwallon goruba! Ungo, yau ko gyaɗar na yafe."

Wasiƙa ce, da kwalin ashana. Na girgiza kwalin, ya yi ƙara. Na buɗe. Tsakuwoyi ne ƙanana, an wanke su tas, guda tara.

"Safara'u. Turmin haƙorina na dama ya riga mu gidan gaskiya, a yi masa addu'a. Tara na samu na ɓoye, biyu sun wuce ciki. Jiya na yi muku fulako fiye da Bafulatani, don ba zan zama mutumin da ya karya kirarin shekara hamsin ba. Amma hulata koriya ce. Kuma da na miƙa mata kwano, gefen hannuna ta kama. Kakata haka ta fara, mu ma ba mu lura ba sai da ta faɗa murhu. Kin duba idon mutanen Auyo, ki duba na gida. Bunu."

Na ji kamar an kwara min ruwan randa. Na fita da kwalin a hannu, na sami Inna tana wanke-wanke. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma doguwar magana da ni, kunyar 'yar fari. Na buɗe kwalin na ajiye a gabanta. Ta kalla, ta ci gaba da cuɗa kwano, sannan ta dubi Talatu.

"Talatu, gaya wa ƙawarki, shekara guda ke nan in an ba ni faifai sai na zaga bayan ɗaki na sake tsincewa. Ba ni ce zan tona asirin uwar mijina ba."

Ni nas. Ni mai jarirai bakwai. Ɗaki ɗaya nake kwana da matar nan.

Na ɗauko tandun kwalli na same ta a inuwarta. "Iya, taso rana in sa miki kwalli, idonki ya yi fari fat kamar na mai takaba."

"Kwalli da hantsi? Biki ake?"

"Angonki zai dawo, kar ya same ki haka."

Ta taso tana mita. Na zaunar da ita a kan turmi, na tura ɗankwalin baya, na ɗaga fatar idon da babban yatsa kamar yadda likitan nan ya koya min. Fatar ta lanƙwashe ciki. Gashin idon duk an tsige, 'yan guntayen da suka tsiro suna gogar ƙwayar idon kamar tsintsiya. Na dama ya yi hazo fari, na hagu da saura. Hannuna ya sauka wuyanta, na ji wani zare. Na jawo. 'Yar ƙaramar matsefata ce ta tsige gashi, ta sha hannu har tana ƙyalli.

"Kin gama leƙen kwantsar?" ta ce a hankali.

"Iya, tun yaushe?"

"Tun kina aji uku nake tsigewa. Bara ne abin ya fi ƙarfina." Ta fizge matsefatarta ta mayar cikin riga. "Kar ki yi min kuka a ka. Mu biyar ne ƙawaye, huɗu kowa da irin ta a wuya. Tsufa ne."

"Ba tsufa ba ne, ciwo ne, kuma ana gyarawa! Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa a ce me? A karɓe min faifai a ba ni sanda?" Da ta sake magana muryar ba irin tata ba ce. "Ke kina zaton nama nake ji? Shekara ɗaya da rabi, Safara'u. So nake in gan ki da lalle tun ina iya raba ja da baƙi. In kika tafi kika dawo, sai dai in shafa."

Nan fa na durƙushe na sa kai a cinyarta. Talatu ma da ta zo gulma tana can tana jan hanci.

"Iya, aikin fatar ido ne, bai kai rabin awa ba. A juyo da ita waje, gashin ya daina sukar ki. Ni zan kai ki Kano da kaina kafin in wuce ko'ina."

"Wuƙa a idona?"

"Ina riƙe da hannunki."

"In an yi, zan gan ki amarya ko bayan shekara biyu? Kar ki yi min maganar asibiti, gaya min gaskiya."

"Abin da ya tafi ba lalle ya dawo ba. Amma abin da kike gani yau, in Allah ya yarda, ba zai ragu ba."

Ta kama fuskata da hannu biyu, ta matso da ita dab da idonta na hagu. "Yau ina ganin inuwarki da farin haƙoranki. Da wannan jan bakin da kike zaton ubanki Garba bai sani ba." Ta sake ni. "Ya isa a gane amarya. Su kuma ƙawayen nawa, wa zai kai su Kano?"

"Ba kowa, Iya. Sai dai in Kanon ce ta zo musu."

"To me kike jira, uwar kuka? Ina takardar?"

A kan faifanta na ɗora takardar na sa hannu. Sunan ya fito kamar tafiyar kaza. Na duba agogon ƙirjina: sha ɗaya da rabi. Na lashi ambulan na manne, na jawo gyale.

Sai sallama daga zaure, muryoyin manya, da ƙarar babur da na fi sani fiye da bugun zuciyata. Baffa ya leƙo, fuskarsa a washe.

"Ruwa ya janye! Ga Alhaji Zarami, kawun Bunu, da ƙwaryar goro. Ke, kawo musu ruwa ki gaishe su."

Na tsaya ƙiƙam, ambulan a hannu. In na fita da shi ta gaban baƙi na watsa wa Baffa ƙasa a ido. In na tsaya, jakar wasiƙu ta tafi.

Iya ta zare shi daga hannuna. Ta miƙe, ta tura ɗankwalinta baya sosai, yadda ban ga ta yi ba shekara guda. Sannan ta ɗaga murya yadda har na zaure za su ji.

"Talatu, kama hannuna. Ba na ganin hanya."

Kwanon da ke hannun Inna ya faɗi. Baffa ya buɗe baki. Ni na bi su a baya da kwanon sha, ruwa na zuba min a ƙafa. Iya ta ratsa zaure ta gaban baƙi, ta tsaya a dokin ƙofa. Ta ƙarƙashin gyale na hango Bunu jingine da babur, kunci a kumbure, don shi ya ɗauko kawun nasa daga tasha. Ya kalli Iya, ya kalli ambulan. Ya san ko na mene ne.

"Ina Babarbaren? Na jiyo turarenka, matso. Ka ce za ka yi tunani. Ka gama?"

Ya miƙo hannu, ta saka masa. Ya zura ambulan a aljihun nan na jiya, ya taka babur.

Daga ƙofar gidanmu hanya biyu ce: dama asibiti, hagu kogi. Ni kuwa a daidai lokacin dole na durƙusa gaban Alhaji Zarami, kaina a ƙasa, ina "Sannunku da zuwa, Kawu," ban ga inda ya karya kan babur ba.

Iya na tsaye a ƙofa ta karkata kai, har ƙarar ta ɓace. Sannan ta juyo, ta laluba bango ta zauna a tabarmar baƙi, abin da mace ba ta yi a gidanmu.

"Ido ne ya tafi, kunne na nan," ta ce. "Dama ya yi."

Ta miƙa hannu ta lalubo ƙwaryar goron, ta jawo ta gabanta, ta dafe da tafi biyu.

"Zarami, gyara zama. Ranar bikin nan ni zan sa ta, kuma ba za ta yi maka daɗi ba, don sai jikata ta dawo daga Kaduna."